Kafin Ki Watsa wa Kirinjijiya Tsaba

Gesse, Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, kin huce gajiyar hanya, kin kuma fara sabawa da Argungu da mutanenta. Allah ya tsare ki a ɗakin da kika sauka, ya tsare ki a hanyar makaranta safe da yamma, ya sa yaran da aka damƙa miki su zama sanyin idonki. Innarki tana gaishe ki, mu duka lafiya lau muke.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kina jin sa ta waya. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar da kika yi ranar tafiyarki, kina ɗaure kaya. Kin ce makarantar da aka tura ki tana bakin fadama, daga tagar ajinki ana hango agwagin ruwa suna sauka, kirinjijiya da dinya, kuma kin yi niyyar riƙa kai yaran ajin su watsa musu tsaba kamar yadda nake kai ki kina ƙarama. Kin faɗa kina murna. Na yi murmushi don kada in ɓata miki tafiya, amma gabana ya faɗi, kuma har yau bai koma daidai ba. Innarki ko murmushin ba ta yi ba. Motarku na tashi ta ce in kira ki in hana ki. Ta ce 'ya'yan mutane ne, in wani abu ya sami ɗaya daga cikinsu a bakin ruwan nan, ba ki da bakin da za ki yi wa uwarsa bayani, kuma ba za ki ƙara barci mai daɗi ba har ki tsufa.

Ban kira ki ba, don na san ki. Dariya za ki yi ki ce, Baba, ai kai ka koya min. Gaskiya ne, ni na koya miki. Shi ya sa nake so ki zauna ki karanta abin da na koya a tafkin bayan gonar Kawunki Nomau, can wajen Ambursa. Wasu abubuwan kin san su, an sha ba ki labarinsu a gida, amma kina ƙarama lokacin da suka faru, kuma ba a taɓa jera miki su a matsayinki na mai riƙe da 'ya'yan wasu ba.

Lokacin ina sabon malamin kimiyya, na gaji da zana tsuntsu a allo da alli. Duk ƙarshen mako nakan hau mashin in je Ambursa gaida surukaina, sai in zarce tafkin da ruwa ke bari in ambaliya ta ja baya. A nan na fara ganin kirinjijiya kusa da kusa, da farar fuskarta da wannan fito nata mai kama da na yaro yana kiran abokinsa. Dinya kuma takan tsaya can nesa, ƙatuwa, tana kallon mutum kamar ya ci mata bashin gaisuwa. Na kamu da son su. Har yau in na ji fitonsu suna wucewa ta saman Gesse sai na ɗaga kai.

Kuskurena na farko burodi ne. Mai shayin bakin makarantarmu yakan tara mini ɓaraguzan burodi da wanda ya kwana ya fara fumfuna, ni kuma in haɗa da ragowar tuwon gida in cika leda. Abokin aikina Malam Bitrus, mutumin Filato da ke koyar da aikin gona, ya gan ni ina ɗaure ledar a bayan mashin, ya tambayi ina za ni da ita. Da na gaya masa sai ya ce, “To ka tafi musu da madara da sukari mana, tunda karin kumallo za ka ba su.” Muka yi dariya. Daga baya ya daina dariyar, ya ce mini burodi yana cika cikin tsuntsu ne kawai bai ba shi ƙarfin komai ba, mai fumfuna kuma yana iya kashe shi. Na ce masa ai suna rububinsa. Ya ce yaran ajina ma suna rububin alewa, me ya hana ni ciyar da su da ita safe da rana.

Ban ji maganarsa ba sai da na gani da idona. Gefen tafkin da nake zubawa ya yi kore, ya fara wari, ƙudaje suka taru, ɓeraye suka yi ramuka a gaɓa. Cikin ƙananan da suka tashi a shekarar na ga wasu fikafikansu sun karkace waje, gashin ya miƙe kamar tsintsiya. 'Yan uwansu suka tashi suka bar su. Waɗannan ba su taɓa tashi ba, kuma karnukan ƙauye ba su bar su sun daɗe ba. Ban iya rantse miki cewa burodina ne kaɗai ya jawo ba, amma Bitrus ya ce ya sha ganin haka a inda ake cusa wa agwagi abincin mutane, kuma ban sake ganin irinsa ba bayan na daina.

Don haka, Rukayya, in har za ki ba su wani abu, ki ba su abin da ya yi kama da wanda suke tsinta da kansu: gero, dawa, tsaki, shanshera mai tsabta, wato shinkafar da ba a casa ba, ko ɗanyen ganye da aka yayyanka ƙanana. Ban da burodi, ban da biskit, ban da tuwo da miya, ban da duk abin da ya ji gishiri ko mai ko ya fara fumfuna. Yara za su zo da cincin a aljihu, ki bincika. Kuma kaɗan ya isa. In kika ga tsaba ta rage a ƙasa bayan sun juya baya, to kin yi yawa. Ki tuna fadama cike take da abincinsu. Ba yunwa ke kawo su ba, mu ne muke son ganinsu kusa.

Na biyu tabonsa yana nan a saman girarki ta hagu, duk sanda kika duba madubi. Na so in burge ki, na zuba miki gero a tafin hannu na ce ki miƙa wa dinya. Ban lura tana da 'ya'ya cikin ciyawa ba. Dinya tana da wani ƙashi mai tsini a gwiwar fiffikenta, da shi take faɗa. Ta buɗe fikafikai ta kai miki duka sau ɗaya. Jinin bai tsorata ni ba kamar abin da ya biyo baya: kika ja da baya a firgice, kuma bayanki ruwa ne. Gaɓar tafkin fadama ba ta da tabbas, nan idon sawu, taku ɗaya gaba kuma rami ne inda aka ɗebi laka. Da rigarki na fizgo ki. Ke kaɗai ce a hannuna ranar, kuma da ƙyar na kama ki. Ke kuwa aji guda za ki kai.

In na rufe ido abin da nake gani ke nan: yaro ɗaya ya firgita, ya ture na bayansa, ke kina can gefe kina rabon tsaba. Don Allah kada ki taɓa zuwa ke kaɗai. Ki nemi wani malami ko malama, da mutum ɗaya daga cikin masunta ko masu gona wanda ya san zurfin wurin kuma ya iya ruwa. Ki kasa ajin ƙungiya-ƙungiya, ki je da kaɗan, sauran su jira wani makon. Su tsaya kan tudu, ruwa na gabansu, su watsa daga nesa. Ba mai miƙa hannu, ba mai bin tsuntsu, ba mai cire takalmi ya shiga. Na san yaran Argungu za su ce miki cikin ruwa aka haife su. Ki ce musu a gidan ubansu ne wannan, a ajinki kowa bisa tudu yake tsayawa. Ko ba nutsewa, ruwan da ke kwance yana sa tsargiya, kin sha ganin yaran da ke fitsarin jini.

Na uku ya fi waɗannan ɗaukar lokaci kafin in gane shi, don a ganina nasara ce. Na riƙa zuwa rana ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Na koyi kwaikwayon fiton kirinjijiya, har ta kai da na tsayar da mashin na yi fito sai ki ga sun taso daga ƙarshen tafki. Yawansu ya ƙaru. Ina alfahari, ina gayyato mutane su zo su gani. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ina suke zuwa sauran ranakun da ba na nan ba.

Kawunki Nomau ne ya ba ni amsa. Mutum ne mai kunyar suruki, ya daɗe yana haɗiyewa. Wata rana ya ja ni zuwa inda ya yafa irin shinkafarsa na rani kafin dashe. Wurin duk sawun agwagi ne, an tattake, an tsince. Ya tsaya ya rungume hannu, ya ce, “Malam, baƙinka sun zo ba ka nan, mu munka tarbe su.” Sai da ya sake yafi, kuma dashensa ya makara a shekarar. Maƙwabcinsa ne ya aiko a gaya mini cewa in ban raba su da wurin ba, shi ya san abin da zai zuba musu. Kin san abin da yake nufi. Akwai masu jiƙa tsaba da maganin ƙwari su ajiye a gaɓa, wasu don haushi, wasu don su kwashi tsuntsayen su kai kasuwa. Tsuntsun da ke tsoron mutum yakan yi shakkar tsabar da ya gani a tare wuri ɗaya. Nawa na riga na cire musu wannan tsoron, kuma shi kaɗai ne garkuwarsu.

Akwai kuma kajin ƙauye da agwagin gida da suka gano wurin, suka riƙa cakuɗuwa da na daji suna tsintar abin da ya rage. Bitrus ya ce mini ta irin wannan haɗuwa murar tsuntsaye ke shiga gari, ta share kajin mata a mako guda, wani lokaci ta taɓa mutum. Mu Allah ya tsare mu ba ta zo ba. Ban san ko ku za ta ƙyale ku ba.

Shawarata a nan, zuwanki na farko ki je hannu wofi, ba tare da yara ba. Ki nemi masu gonakin da ke kewaye da wurin, ki gaishe su yadda ya kamata, ki gaya musu niyyarki, ki saurari abin da za su ce. In sun ce ba yanzu ba, to ba yanzu ba. Lokacin yafi da lokacin da shinkafa ta fara nuna, kada ki kusanci gonar kowa da tsaba. Kada ki mayar da abin ƙa'ida ta kowane mako. Sau da yawa ku je ku kalla kawai, yara su zana, su saurari fito, su koyi bambanta wannan da waccan. Kuma kada ki koya musu kiran tsuntsu. Na san kin iya, ni na koya miki. Ki bar shi a bakinki.

Saura na huɗu, wanda saboda shi Innarki ba ta yi murmushi ba.

Kina shekarun shiga firamare kika yi wani zazzaɓi mai tsanani. An kwantar da ke a asibiti, an ba da magani, kin fara samun sauƙi amma ba ki cin abinci. Kakarki, Allah ya jiƙanta, ta ce a yi sadaka. Kin san al'adar gidanmu, in yaro ya kwanta akan ɗebi tsaba a watsa wa tsuntsaye, don su bayin Allah ne da ba sa roƙo kuma ba sa godiya a gaban mutane. Na ce ni zan kai, ai ina da waɗanda zan ba. Lokacin na rage zuwa tafkin saboda maganar Kawunki, amma na ce sadaka ce, sau ɗaya ba zai ɓata komai ba. Na fita da sassafe a gaggauce, ban ɗauki komai daga gida ba, na ce zan ɗiba a Ambursa.

Na tarar Kawunki ya riga ya tafi gona, matan gida suna ciki. A zaure akwai buhuna jingine, ɗaya a buɗe, ya kusa ƙarewa. Na leƙa na ga shanshera mai ja-ja. Ke kin san jar shinkafa, irin tamu ta gargajiya da Kakarki ke so a yi mata tuwo da ita. Na ce a raina, ga ma mai daraja, ita ta dace da sadaka. Na cika kwano. Ni da nake koyar da kimiyya ban tsaya na shinshina ba, ban duba tafin hannuna ba, ban leƙa na tambayi kowa ba, don ina jin nauyin in ɗaga murya a gidan surukai da sassafe. Na je tafki, na yi fito, suka zo. Na watsa da bisimilla ina yi miki addu'a. Na hau mashin na koma Birnin Kebbi da zuciya fara.

Ba jar shinkafa ba ce. Ragowar iri ne da aka cuɗa da magani don kada ƙwari da ɓeraye su ci shi a ƙasa. Jan da na gani launi ne da ake sa wa maganin da gangan, don kowa ya gane ba na ci ba ne.

Da hantsi samarin gidan Kawunki suka bi ta tafkin. Suka tarar da kirinjijiya a gaɓa, wasu sun mutu, wasu suna tangaɗi sun kasa tashi. Waɗanda suka mutu ba su taɓa su ba, mushe ne, yaran kirki ne masu karatu. Masu sauran rai kuwa suka kama su da hannu, suka fuskanci alƙibla suka yanka, suna murna Allah ya kawo rabo. Ba wanda ya ga laifinsu a gida, tunda an yanka jini ya fita. Aka fige, aka dafa. Kin san yadda ake yi, ƙundu da hanta na ƙananan yara ne. Aka tsame su aka ba Hassi, autar Kawunki, sa'arki, wadda kuke wasan 'yar tsana tare.

Bayan azahar aka aiko mini. Da na isa, manyan suna fama da ciwon ciki da amai, amma suna tsaye da ƙafafunsu. Hassi ce a kwance kan tabarma, gumi ya jiƙe ta, yawu na zuba, jikinta na rawa, ƙwayar idonta ta ƙanƙance kamar tsinin allura. An ɗura mata nono, an ɗura mata manja, ana ta tofi, ba wanda ya san me ya same ta. Wasu na cewa iska ce ta bakin ruwa. Da na ji an ambaci agwagin tafki sai na ce ai ni na ba su jar shinkafa da safe, lafiya lau na bar su. Kawunki ya juyo ya dube ni. Ya ce, “Wane buhu kaɗ ɗiba?” Na nuna. Ya kama hannuna na dama ya buɗe. Jan yana nan a tsagar tafina da ƙarƙashin farce, duk da alwalar da na yi.

Ya ce, “Malam, wanga iri na.”

Ya saɓi yarinyar, na tayar da mashin, ya zauna bayana da ita a tsakaninmu. Har yau in na bi hanyar Ambursa ina jin kanta yana bugun bayana a kowane rami. Allah ya sa uwarta ta yi hankalin cusa wa Kawunki ledar maganin da aka cuɗa irin da shi a aljihu. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta karanta ledar, ta san allurar da za a yi, ta kuma yi mana faɗa sosai kan nono da manja. Ta ce ɓata lokaci ne, kuma yaron da hankalinsa ya gushe in aka ɗura masa abu yana iya shaƙewa ya mutu kafin gubar ma ta kashe shi. Hassi ta kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Ke kina wancan ɗaki na asibitin kina warkewa, ita tana wannan, Innarki tana kai da kawowa tsakanin 'yarta da 'yar wanta. Allah ya tashi kafaɗun Hassi, kin ga yanzu har da 'ya'yanta. Amma na ga fuskar uwarta a barandar asibitin nan, kuma ba na so ki taɓa tsayawa gaban irin wannan fuskar.

Kawunki bai taɓa yi mini gori ba. Da muka koma shi ya taya ni tattara gawarwakin, muka haƙa rami mai zurfi muka binne, muka kankare gaɓar da fartanya don kada kaji su tsinci saura. Waɗanda suka tsira ba su sake jin fitona ba, don ban sake yi ba sai bayan shekaru, da kika matsa mini in koya miki.

Ga abin da nake roƙonki, kuma shi ne zuciyar takardar nan. Kina cikin garin manoma shinkafa. Ranar da kika ce wa yara gobe kowa ya zo da 'yar tsaba, rabin ajin daga gidan manoma za su fito. Yaro zai je inda ba za a yi masa faɗa ba. Ba zai taɓa buhun abinci ba, don uwarsa na kallo. Ragowar iri zai ɗiba, wanda ke jingine a zaure ba mai kula da shi, ya zuba a aljihun da yake sa gyaɗarsa, ya ci abincin tara da hannun bai wanke ba. Ba kowane maganin ma ke da launi ba, wani manomin da kansa yake cuɗa nasa. Kada ki taɓa cewa yara su kawo tsaba daga gida. Ko sun kawo don son ki, ki karɓa ki yi godiya, kada ki watsa, ki sa su wanke hannu da sabulu. Tsabar da za a watsa ke za ki zo da ita, daga cikin wadda kike dafawa ki ci da bakinki.

Sannan ki koya musu wannan tun kafin su ga tsuntsu ɗaya, ki maimaita har su gaji da ke: agwagwar daji mai lafiya ba ta yarda a kama ta da hannu. Duk wadda ta tsaya ka kama, ko guba ta ci ko ciwo gare ta. Yanka yana halatta nama, amma ba ya fitar da guba, ba ya kashe cuta. In sun ga matacciya ko mai tangaɗi, kada su taɓa, su zo su gaya miki, ke kuma ki sanar da shugaban makaranta da mai unguwa, a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi. In kuma, Allah ya kiyaye, wani ya ci ya fara amai da gumi, asibiti kai tsaye, da ledar maganin in an same ta. Ba nono, ba manja, ba jiran mai gida ya dawo. Ki gaya wa iyayen ma in kin samu dama. Za su ce malama ƙarama ta zo koya musu zaman fadama. Ki yi haƙuri ki faɗa duk da haka, cikin ladabi.

Wataƙila yanzu kina cewa to Baba, ka hana ni kawai mana. Na yi ta juya abin. Tsorona yana cewa in hana ki. Amma yaran nan da ke ko ba ke za su je bakin ruwa, can suke wuni. Za su ga tsuntsu mai tangaɗi wata rana, za su ga buhun iri a zaure kullum. Gara a samu wadda ta tsaya da su kan tudu ta gaya musu abin da ba wanda ya gaya mini. Kuma ban manta yadda idonki ya yi ba ranar da kika fara ganin garken kirinjijiya ya juya a sama gaba ɗaya. Ba ni da ikon hana yaran wasu wannan.

Na karanta wa Innarki abin da na rubuta har zuwa nan. Ta saurara tana tsintar wake, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce duk wannan dogon turanci na malamai ne, ita dai ba ta yarda ba, kuma in rubuta miki cewa ba ta yarda ba. To na rubuta. Sai ta tashi ta shiga ɗakin girki. Na ji tana buɗe robar geron da take yi mana kunu da shi. Ta fito da ƙulli a leda biyu, ta ɗaure bakin tamau, ta ajiye kusa da takardar nan. Ta ce, “In ta ƙi ji, to wannan za ta ba su. In ya ƙare ta aiko, kada ta karɓi na kowa.”

Direban da zai kawo miki takardar zai ba ki ƙullin. Ki duba ya iso a ɗaure yadda ta ɗaure shi.

Allah ya tsare ki, ya tsare yaran da ke hannunki, ya mayar da kowannensu ga uwarsa lafiya duk ranar da kuka fita. Ya kare ku daga sharrin ruwa da abin da ke cikinsa, da sharrin abin da ido bai gani ba. Ya ba ki haƙuri da masu gona, ya ba su haƙuri da ke. Ranar da za ku fara fita ki sanar da mu tun da safe, kuma ki kira da zarar kun koma aji, don ni da Innarki ba za mu iya cin abinci ba sai mun ji muryarki.

Wassalamu alaikum.

Naki,
Babanki.